Yadda Za Ka Bi Sawun Sunanka

Na fi shekara ashirin ina amsa Garba kafin in tambayi kaina me sunan yake nufi. Na sha wahala ina lalube a littattafan Larabci a banza, ashe ba can ya kamata in fara ba. Garba laƙabin Abubakar ne, kamar Habu da Buba da Bukar. To, ka fara mayar da sunanka ainihin siffarsa tukuna. Audu, Abdullahi ne. Mamman, Muhammadu ne.

Daga nan sai ka gano harshen da ya fito. In Larabci ne, nemi baƙaƙen tushensa, galibi uku ne. Muhammad da Ahmad da Mahmud da Hamid duk daga h-m-d suke, wato yabo. Nawa kuwa da na fasa shi biyu, sai ga "abu", uba, da "bakr", saurayin raƙumi. Ranar na yi dariya har da hawaye. Wani sunan ma ya girmi shigarsa Larabci: Yusuf da Joseph na Turawa abu ɗaya ne, daga Ibrananci, ma'anarsa "ya ƙara".

In na Hausa ne, ajiye waya ka je wurin tsofaffi, don irin wannan suna labarin haihuwarka yake bayarwa. Talatu da Asabe da Ɗanladi rana suke faɗa. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Delu mace ce da ta biyo maza, Gambo kuwa ya bi tagwaye. Gwaggona ce ta warware min na Delu, tana lissafa yayyenta maza da yatsu. Tambayi wacce ta ga haihuwarka tun tana da rai.

Sunan iyali ya fi sauƙi. Gwada shi da tambaya uku: sunan uba ne, sana'a ce, ko gari? Johnson ɗan John ne, haka Mac na mutanen Scotland "ɗa" yake nufi. Smith na Ingila, Schmidt na Jamus, Haddad na Larabawa, duk maƙeri ake nufi. Imam Bukhari sunan birnin Bukhara ya ɗauka, a Uzbekistan ta yau, kamar yadda Shehu Shagari da Malam Aminu Kano suka ɗauki na garuruwansu.

Shafukan intanet masu jera ma'anonin sunaye kuwa, ni ban cika yarda da su ba. Kowane suna sai su ce "kyakkyawa" ko "jarumi", don mai shi ya ji daɗi. Ma'anar da ba a nuna maka harshe da tushenta ba, bar ta nan.

Kuma kada ka ɗauka kowane sunan iyali tsoho ne. Sai a 1934 Turkiyya ta yi dokar da ta wajabta wa kowa ya zaɓi nasa, kuma a shekarar majalisa ta ba Mustafa Kemal sunan Atatürk, uban Turkawa. In Baturke kake bincike a kansa, sunan iyalinsa zai iya tsaya maka a kan kakansa.