Yadda zaka yi amfani da DFO a kan sel dinka a lab

Ga 'yan masta da PhD da ke fama a Kaduna da Zariya, wanda bashi da na'urar rage iskar oksijin (kuma mafi yawanmu bamu da ita), deferoxamine (DFO a takaice) shine mafita mai sauki in kana son sel dinka su zama kamar suna cikin karancin oksijin. Shine Desferal din da ake ba masu sikila da aka yi ta kara musu jini har karfe ya taru a jikinsu. Yana kama karfe ya rike gam, to enzayim din da ke lalata HIF-1α (furotin din da ke taruwa a sel in oksijin ya yi karanci) sai da karfe suke aiki, da zarar ka kwace musu shi sai HIF-1α ya taru kamar sel din suna cikin karancin iska.

Hadawa: auna 65.7 mg na deferoxamine mesylate a 1 ml na ruwa mai tsabta, ka samu 100 mM kenan. Tace shi da filta 0.22 µm, ka raba kanana kanana a tiyub, ka sa a firiza a -20°C. Kar ka ajiye kwalba daya kana narkarwa kana mayarwa, da yadda ake dauke wuta a garin nan ma firiza da kanta take narkar maka. In ka ga ruwan ya koma ja-ja ko ruwan lemu, ya riga ya hadu da karfe a wani waje, zubar kawai.

Yawanci ana farawa da 100 µM, wato 10 µl na hadin nan a midiya (ruwan da ake renon sel a ciki) 10 ml, awa 16 zuwa 24. Amma gwada 50, 100, 200 tukuna don kowane sel da halinsa, shi DFO baya shiga sel da sauri, kuma in ya dade sel din zasu daina rabuwa saboda hada DNA ma yana bukatar karfe, sai kaga plet dinka yayi fayau ka dauka wani abu ne daban.

Wajen da malam zai kama ka ranar difens shine kwantirol, wato abin da zaka kwatanta sakamakonka da shi. A plet dinka ka ware rijiya (well) daya ta sel da ba a sa musu komai ba, daya DFO, daya kuma DFO da ka riga ka hada da FeCl3 (sinadarin karfe) daidai wa daida. In sakamakon ya bace a ta ukun, to aikin karfe ne. Duba feritin ma (furotin mai ajiye karfe), ya kamata ya sauka, transferrin receptor (mai shigo da karfe cikin sel) ya hau.

Ranar fasa sel don auna HIF-1α, kankara a gefenka, bafa (ruwan fasa sel) mai sanyi, yi sauri, HIF-1α mintuna kadan yake yi ya lalace.