Yadda Za a Kare Masu Zuwa Wuraren Shaƙatawa na Dare Daga Cin Zarafi

Duk wanda ya buɗe gidan rawa ko mashaya ya ɗauki amanar mutanen da suka shigo masa. Mai niyyar yin lalata da wata ba tare da yardarta ba, ba kasafai yake zuwa da tashin hankali ba. Yakan zo ne da fara'a, ya yi ta sayen abin sha yana tura wa wadda ya sa wa ido, har sai ya ga ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Saboda haka aikin farko shi ne horar da ma'aikata, tun daga mai gadi har mai kwashe kofuna, su san abin da ya kamata su lura da shi.

Su lura da mutumin da ke bin mace duk inda ta juya alhali ta nuna ba ta so, da wanda ke ƙoƙarin raba ta da ƙawayenta, da wanda hannunsa ke shawagi a kan kofin da ba nasa ba. Ba sai ma'aikaci ya jira hujja ba. Ya isa ya matso ya ce, "Lafiya dai ko? Ana nemanki a wajen kanta," domin ta sami hanyar zamewa ba tare da an yi hayaniya ba.

Akwai ƙwayoyin da ake jefawa a cikin abin sha, irin su GHB da Rohypnol da ketamin, waɗanda ke kashe jiki su kuma gusar da tunani, amma barasa ita kanta ce aka fi amfani da ita wajen wannan ta'asa. Idan aka ga wadda ta sha kofi ɗaya tana tangaɗi, harshenta ya yi nauyi, to a ɗauki lamarin da gaske. A zaunar da ita inda ma'aikaciya za ta tsaya tare da ita, idan barci ya rinjaye ta a kwantar da ita ta gefe domin kada amai ya shaƙe ta, sannan a kira motar asibiti.

Wurin da ya fi haɗari, a ganina, shi ne bakin ƙofa lokacin tashi. A nan ne za ka ga mutum ya rungumo mace wadda ba ta iya ɗaga kai, yana cewa, "Budurwata ce, gida zan kai ta." Kada mai gadi ya yarda da wannan magana kai tsaye. Ya tambaye ta ita kaɗai ko ta san mutumin, ya nemo waɗanda ta zo da su, idan kuwa ba ta iya ba da amsa, kada ya bari a fita da ita. Wanda maye ya gusar wa hankali ba shi da halin ba da yarda, mace ce ko namiji.

A shekarar 2016 aka fara wani tsari a Lincolnshire ta Ingila, inda wadda ta ji ba ta cikin aminci za ta je wajen masu sayar da abin sha ta ce tana neman Angela, ma'aikata su gane taimako take buƙata, su fitar da ita a asirce. Dabara ce mai kyau, sai dai manna takardar sanar da tsarin a banɗaki ba ya wadatarwa idan sabon ma'aikaci zai amsa da cewa, "Wace Angela?"

Idan abin ya riga ya faru, a gaskata wadda aka ci zarafinta, a kai ta ɗaki na keɓe, kada kuma a tambaye ta me ta sha ko me ya sa ta bi shi. A adana kofinta da hoton kyamarar tsaro na daren, a rubuta lokaci da kamannin wanda ake zargi. A sanar da ita cewa lokaci na da muhimmanci: GHB kan ɓace daga fitsari cikin kamar awa 12, maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin awa 120. Idan tana son kai ƙara, ya fi kyau kada ta yi wanka ko ta canja tufafi kafin likita ya duba ta. Shawarar zuwa wurin 'yan sanda tata ce, amma kada a bar ta ta tafi ita kaɗai.