Me za ka nuna kafin wasan bidiyonka ya fito?

Kada ka yi maganar abin da bai riga ya zauna daram a cikin wasan ba. A 2016 Hello Games ta fitar da No Man's Sky, masu saye suna sa ran haɗuwa da juna a ciki kamar yadda aka faɗa a hirarraki, sai suka tarar babu. Sai 2018 aka saka wannan damar sosai. Abin da ake gwaji a kai yakan faɗi a watannin ƙarshe idan kuɗi ko lokaci ya ƙure, shi kuwa mai saye ya riga ya ɗauke shi alkawari.

Bidiyon talla kuma, a naɗo shi daga wasan kansa, a kan na'ura mafi rauni da za a sayar wa mutane. Cyberpunk 2077 ya yi kyau a kwamfuta mai ƙarfi, amma a PlayStation 4 ya yi ta sarƙewa, har Sony ta cire shi daga shagonta a Disamban 2020.

Batun lokacin sanar da wasan ya danganta da girman kamfaninka. Bethesda ta sanar da Fallout 4 a Yunin 2015, ya fito a Nuwamba, wata 5 kacal. Ƙaramin kamfani ba shi da wannan gatan, don ba wanda ke jiransa. Buɗe shafin wasanka da wuri a Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, ka saki ɗanɗanon wasan na minti 20 zuwa 30.

Daga labarin wasan, nuna farkonsa kawai. Ranar fitowa kuwa, kada ka sanar da ita sai ana iya buga wasan daga farko har ƙarshe.