Yadda ake noman kabewa mai taurin ɓawo a ƙaramin lambu

Kabewar da ake magana a kanta a nan ita ce wadda ake bari ta ƙosa sarai a jikin yaɗonta, ɓawonta ya yi tauri, sannan a cire ta a ajiye har tsawon watanni. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, kuma daga shuka zuwa girbi tana ɗaukar kwana 80 zuwa 120, gwargwadon irin da aka zaɓa. Tana son zafi, ba ta jure sanyi ko kaɗan, saboda haka a ƙasashe masu tsananin hunturu ba a shuka ta sai ƙasa ta ɗumama zuwa kimanin digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas.

Abu na farko da ya kamata mai lambu ya duba shi ne fili, domin tushe ɗaya yana iya yaɗo ya wuce mita 3, kuma a lambun haɗin gwiwa, inda kowa yake da ɗan yankinsa, ba a daɗewa kafin ganyen kabewa ya rufe shukar maƙwabci. A bar tazarar mita 1.5 zuwa 2 tsakanin rami da rami, a wurin da rana take samu aƙalla awa 6 a yini. Wanda filinsa bai kai haka ba, ya nemi iri mara dogon yaɗo, ko ya kafa shinge mai ƙarfi yaɗon ya hau, sannan ya tallafe kowace 'ya da tsumma kada nauyinta ya tsinke ta.

A haƙa rami, a cuɗa ƙasarsa da takin da ya ruɓe sosai, a tara ta ta yi ɗan tudu don kada ruwa ya kwanta a gindin shuka. A saka ƙwaya 3 ko 4 a zurfin santimita 2 zuwa 3. Cikin kwana 7 zuwa 10 za su tsiro, kuma da zarar sun yi ganye na gaske, wato waɗanda ke fitowa bayan ganye biyun farko, sai a bar tsiro biyu mafi ƙarfi. Gara a yanke sauran da wuƙa a kan a tumɓuke su, domin saiwar kabewa ba ta son a taɓa ta.

Wajen ban ruwa, a zuba shi da yawa a gindi sau ɗaya ko biyu a mako, ya fi a riƙa yayyafa kaɗan kullum, sai dai idan ƙasar rairayi ce mai saurin bushewa. Busasshiyar ciyawa da aka shimfiɗa a kewayen tushen tana riƙe danshi, tana kuma hana sabuwar ciyawa fitowa. A riƙa ɗaga ganye ana duba bayansa saboda darɓa da ƙwan ƙwari. Idan aka ga farin gari kamar toka ya fara bayyana a saman ganye, fumfuna ce, sai a cire waɗanda suka fi kamuwa domin iska ta riƙa ratsawa.

Inda sababbin masu lambu suka fi karaya shi ne lokacin fure. Kabewa tana fitar da fure iri biyu a tushe ɗaya. Namijin shi ne yake fara fitowa, a kan siririn kara, ya buɗe ya faɗi ba tare da ya bar komai ba, kuma wannan ba alamar cuta ba ce. Macen tana zuwa daga baya, ana gane ta da ɗan kumburi a ƙasanta mai siffar ƙaramar kabewa. Furen yana buɗewa da sassafe, kafin tsakar rana ya rufe, kuma idan ƙudan zuma bai kai wa macen garin namijin a cikin waɗannan awoyin ba, ɗan kumburin zai yi ɗorawa ya ruɓe. Na taɓa asarar 'ya'ya da dama ta haka, ina zargin ƙarancin taki. Maganin mai sauƙi ne: a tsinko furen namiji da safe, a zare ganyayensa, a goga tsinkensa mai garin rawaya a tsakiyar furen macen. Saboda kada a kashe ƙudan zuman ma bai dace a yi feshin maganin ƙwari da safe ba.

Idan 'ya'yan sun kama, a sa ɗan katako a ƙarƙashin kowace ɗaya don kada laimar ƙasa ta ɓata ta. Sai kuma haƙuri, domin kabewar da aka cire ba ta ƙosa ba, ba ta da zaƙi, ba ta kuma ajiyuwa. Alamar ƙosawa ita ce ƙyallin ɓawon ya dushe, a danna farce ya ƙi shiga, karan da ke riƙe da ita kuma ya bushe ya yi tauri kamar itace. A yanke da wuƙa mai kaifi, a bar mata kara santimita 5 zuwa 8, kuma kada a ɗauke ta ta wannan karan, domin idan ya ɓalle, ta nan ruɓa take shiga.

Kafin a kai ta ma'ajiya, a shanya ta kwana 10 zuwa 14 a wuri mai ɗumi da iska, inda ruwan sama ba zai taɓa ta ba, har ƙananan ƙujewar jikinta su warke. Daga nan a jera su a busasshen wuri mai sanyi, kimanin digiri 10 zuwa 15 idan zai samu, ba tare da ɗaya ta jingina da ɗaya ba. Kabewa mai dogon wuya, ta dangin da masana ke kira Cucurbita moschata, tana kai wata 2 zuwa 3 a ajiye cikin sauƙi.

Mai son ajiye iri ya tuna cewa ƙudan zuma yana haɗa nau'o'in da suke dangi ɗaya, musamman a lambun da kowa ya shuka nasa, don haka abin da zai fito baɗi yana iya bambanta da uwar. Idan kuwa aka ɗanɗana kabewa aka ji ɗaci mai tsanani, a zubar da ita, domin sinadarin da ke kawo ɗacin yana haddasa amai da gudawa, kuma dafuwa ba ta kashe shi.