Yadda za ka gane shekarun tsohon alƙalamin tawada

Satin da ya wuce munka buɗe akwatin ƙarfen marigayi kakanmu a Gusau, ƙarƙashin takardu sai ga alƙalamin tawada baƙi, tawada ta bushe a bakinshi har ta yi kanta. Ƙanena ya ce tsohon biro ne a yasar, wallahi sai da raina ya ɓaci, don wanga abu shi da kanshi zai faɗa maka shekarunshi.

Ka fara goge shi da ɗanyen tsumma, ka haska tocilan waya kan jikin da murfin, akwai ƙananan rubutu da hannu ya cinye. In maƙalin aljihun siffar kibiya ne, galibi na kamfanin Parker ne. In kuma bakin a ɓoye yake, ɗan tsinin kawai ka leƙowa, ka yi zaton Parker 51 da anka fara fitarwa 1941, amma ka karanta sunan da kyau don Hero 616 na Sin kwaikwayonshi ne sak, da yawa sun ruɗu nan.

Sai wajen shan tawada, nan ne na fi daɗewa. Namu ɗan murfi gare shi a gindi, in ka kwance sai ga abin dannawa kamar famfo, wannan shi ne Vacumatic, na kafin 1948 ke nan ko daidai nan. Na bayanshi jiki ake kwancewa a matsa wata 'yar jaka cikin kwanson ƙarfe. Kusa da sunan mun ga lamba 6 da ɗigo biyu, wato 1946, wata uku na biyu. Ɗigo uku farkon shekara ne, in babu ɗigo ƙarshenta. Daga 1980 Parker sun koma harafi da kalmar QUALITYPEN, ko wane harafi na nuna lambar ƙarshe ta shekara, Q sifili, U ɗaya, har N tara.

Na Jamus kuwa in ka ga W. Germany, wato Jamus ta Yamma, to bai wuce wajen 1990 ba. 14K ko 585 a baki zinari ne, kar ka bari a yi maka wayo a kasuwa.

Don Allah kar ka ɗura mishi tawadar allo, ƙaron da ke ciki toshe shi zai yi. Ka jiƙa bakin cikin ruwan sanyi ya kwana, ban da ruwan zafi. Namu kwana biyu ya yi yana fitar da shuɗi kafin ruwan ya washe.