In za ku ɗauko babban kare daga gidan kula da dabbobi

Jama'a, kafin ku taho da shi, ku karɓi takardar rigakafinsa, musamman ta ciwon haukan kare, ku kuma tambayi abincin da ya saba ci. Kada ku canza masa abinci farat ɗaya, zawo zai yi. Ku riƙa gauraya sabon da tsohon har kwana 7.

Kwana 3 na farko kuwa, ku ƙyale shi ya huta. Wani zai maƙale a lungu ya ƙi ci, wani ma har fitsari a ɗaki. Ba mugun hali ba ne, baƙunta ce kawai. A hana yara rungumarsa ko taɓa kwanonsa. Ni dai ƙofa na fi tsoro, don kafin karnuka su saba da gida, da sun ga a buɗe sai su sulale.