Yadda na gyara furen daji da ya ƙi tsayuwa

Furen Leucanthemum vulgare ne, ɗan dangin su furen rana, fari mai rawayar tsakiya, wanda asalinsa ciyawar filayen Turai ce. Nawa ya yi ganye jingim, amma karan ya yi tsawo ya zube ƙasa, fure kuma sai ɗai-ɗai.

Ashe daɗi ne ya yi masa yawa. Tsiro ne da ya saba da ƙasa marar ƙarfi, taki kuwa ganye kawai yake ƙara masa, inuwa kuma ta sa karan ya miƙe neman haske har ya raunana.

Sai na tuge shi, na rarraba saiwar gida-gida, na dasa inda rana ke bugawa wuni guda. Na cakuɗa ƙasar da yashi don kada ruwa ya kwanta, na daina taki gaba ɗaya. Ban ruwa ma sai saman ƙasa ya bushe.

Da lokacin fure ya zagayo, karan ya fito gajere kakkaura. Yanzu ina tsinke furen da ya bushe kafin ya zubar da iri, domin yaɗuwarsa ba wasa ba ce, ta iri da ta saiwa duka.